Haƙorin da Ke Jin Masara

In ka taɓa shiga Bomo, nan wajen Zariya, lokacin kaka, ka san Maman Clara ko da ba ka san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai baƙin takalmin roba, wadda ke dirowa daga acaɓa tun bai gama tsayawa ba. Sunanta na baftisma Keziya. A Samaru take zaune, bayan kasuwa, ita da mijinta Gregory mai gadin wata firamare. Rumfarta ta hatsi kuma tana kasuwar Sabon Gari. Amma ba rumfar ce ta sa aka san ta ba. Haƙori ne, guda ɗaya, na turmi, a ƙasa ta hagu.

Bari in yi wa 'yan boko bayani, tunda su a leda kawai suka san masara. In aka ɗura masara a buhu ba ta gama bushewa ba, sati biyu ya isa ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, ta koma abin da ko kaza ba za ka ba. A ido kuwa duk ɗaya ne. Manomi na sauri ya sayar, mai saye na tsoron a ɗora masa. To a nan Keziya ke shigowa. Sai ta zura hannu cikin buhu har kafaɗa ta zaro ƙwaya uku: ta sama, ta tsakiya, da ta can gindi inda masu wayo ke ɓoye mai danshi. Ta ɗora a haƙorin nan, ta rufe ido, ta ciza. Busasshiya takan fashe ƙwas ta tarwatse. Mai sauran ruwa takan lotse tukuna, ƙarar ta fito a dakushe. Wannan kowa ma zai iya ji in bambancin ya yi yawa. Abin da ita ke ji shi ne na tsakiya, wadda ke neman yini ɗaya a rana da wadda ke neman uku. In ta tofar ta ce "ɗinke", a ɗinke buhu. In ta ce "rana", a zazzage a shanya. Babu mai musu, ko manomi ko mai saye.

Wajen gwaggonta ta koya, a wani ƙauye ta wajen Giwa, tana 'yar shekara tara. Gwaggon kan ɗaure mata ido da ɗankwali ta sa mata ƙwaya a baki, in ta kuskure ta sha ranƙwashi. Daga nan shekara talatin da wani abu ba ta taɓa shan rake da hagu ba, ba ta tauna ƙashi da shi, ba ta buɗe kwalbar lemo da shi kamar sauran matan kasuwa. Gregory yakan ce da ana kula da shi rabin yadda ake kula da haƙorin nan, da tuni ya ajiye tumbi.

Damunar 2006, cikin watan Agusta, haƙorin ya fara. Da fari sai in ta sha ruwan sanyi. Daga baya ko iska ta shaƙa sai ya amsa. Ta danna kanumfari, ta kuskure baki da ruwan gishiri, ta sha fanadol har ta daina ƙirgawa. Wani mai cire haƙori a bakin tasha ya leƙa bakinta ya ce minti biyu ya ishe shi. Ta ce masa ya je ya cire na uwarsa.

Rana ta tara, da kunci a kumbure, ta shiga wani asibitin haƙori a Sabon Gari. Likitar da ta samu yarinya ce, Dokta Omolara, Bayarabiya, ta zo bautar ƙasa Zariya ta zauna. Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo. Ta haska, ta ƙwanƙwasa, ta ɗau hoto.

"Mama, ciwo ya kai jijiya. Abu mai sauƙi, mu cire yau, ki huta."

"Ba a cirewa."

"To akwai hanya mai tsawo." Ta zana mata a bayan kati. A cikin saiwar haƙori akwai 'yan siraran hanyoyi, nan jijiyar ke kwance. Za a huda sama, a fitar da jijiyar, a kankare hanyoyin da wani siririn ƙarfe mai murɗe-murɗe kamar allura, suna ce masa fayil, sannan a cike, a sa wa haƙorin hula. Zuwa uku, ko huɗu.

"In kin kashe jijiyar, zai ci gaba da ji?"

"Ba zai ƙara jin zafi ba."

"Ban ce zafi ba, 'yata."

Sai da ta zaro masara daga bakin zaninta ta yi mata bayanin sana'ar tun daga gwaggonta. Likitar ta ajiye biro tana kallonta. Ta ce gaskiya babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, a makaranta ma ba a koya musu ba. Amma nauyin cizo ba jijiyar ciki kaɗai ke jin sa ba, har da naman da ke riƙe da saiwar. Tana zaton zai ji. Keziya ta ce zato ya ishe ta, a fara.

Zuwan farko lafiya. Ciwon ya kwanta, ta yi barci, ta ci tuwo da dama.

Zuwa na biyu, ranar Talata ce. Tana kwance a kujera baki a wangame, an tsikara mata allurar kashe zafi, janareta na ruri a waje. Hanya ta ɗaya ta buɗu, ta biyu ta buɗu. Ta ukun ta ƙi. Siririya ce, a lanƙwashe, shekarun cizo sun matse ta. Likitar na murza fayil a hankali da yatsu biyu, ta shiga, ta fito, ta sake shiga. Sai wani ɗan ƙyas. Nas ɗin da ke tsaye ba ta ji ba. Janareta ma ya isa ya rufe shi. Amma matar da ke kwance ta shekara talatin tana sauraron abin da ke fashewa a wannan muƙamuƙi.

Likitar ta zaro hannu, ta juya baya, ta yi ɗan jim a wajen tire. Ta dawo da auduga ta ce yau a tsaya nan, mako mai zuwa a ci gaba.

Keziya ta ture hannun. Da leɓe a mace ta ce, "Me ya karye?"

"Mama, ki bari in rufe tukuna."

"Ba haƙorina ba ne, na san muryarsa. Naki ne. Nuna mini."

Dokta Omolara ta tsaya. Sannan ta ɗauko fayil biyu ta jera a tafin hannunta, ɗaya cikakke, ɗayan ya rasa kai, kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Aka sake hoto. Ga shi nan fari fat, a can ƙasan saiwa, daidai lanƙwasar.

A nan nake so masu saurin zagin likita su ɗan zauna. Yarinyar nan da bakinta ta faɗa wa Keziya cewa fayil ɗin ya tsufa. A asibitin, fayil ɗaya sai a yi aiki da shi, a dafa, a sake, a dafa, har ƙarfen ya gaji. Sau biyu tana rubuta takarda a kawo sababbi, mai asibitin yana cewa wata mai zuwa. Shi dai fentin gaban gini bai taɓa jiran wata mai zuwa ba. Ita laifinta ɗaya, minti biyun da ta yi tana tunanin ko ta yi shiru.

Ta ce ƙarfen ba ya tafiya ko'ina. Mutane da yawa na yawo da irinsa har tsufa ba su sani ba. Za a iya barin sa, a cike samansa, a sa ido ko ƙasan zai kumbura. Za a iya gwada ciro shi, amma sai an faɗaɗa hanyar, kuma duk faɗaɗawa cin bangon haƙorin ne. Shawararta a bar shi.

Da Keziya ta tafi gida kai tsaye, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Sai ta biya kasuwa.

Tabitha ce maƙwabciyarta ta rumfa, mai wake, ƙawarta tun suna zumuntar mata a coci. Mace ce da duk ciwon da ka ambata, ta san wanda ya kashe.

"Ƙarfe? A jiki? Ke Maman Clara, kin manta telan nan na Hanwa? Allura ta karye masa a yatsa, wata shida ta bi jini ta soke zuciya."

"Mota ce ta kaɗe shi."

"Me ya sa bai ga motar ba? Allurar ce ta kai."

Keziya ta yi tsaki. Amma daga ranar ta daina zama wuri ɗaya. Ta auna wa mutum mudu ta manta ko na nawa ne. Harshenta kullum yana kan cikon. In ƙirjinta ya ɗan soka sai ta dafe ta tsaya. A bas, tun daga Kwangila har Samaru, tana lissafin ta inda abin zai bi, wuya ko kunne. Gregory ya gaji da ganinta tana zagaya tsakar gida, ya fasa tsohuwar rediyonsa ya ciro maganaɗisun lasifika, ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne. Kwana uku tana yawo da shi a ɗaure a kunci, ɗankwali ya rufe. Rana ta uku ta sunkuya ɗinke buhu, basilla ta tashi daga kan buhun ta manne mata a kumatu, a gaban masu saye. Har yau 'yan layin hatsi ba su bar zancen ba.

Ta koma asibiti ta ce a ciro.

"Mama, na ce miki in na haƙa, bango zai yi siriri."

"Kin sa, ki cire. Ba na kwana da kayan mutane."

Aka gwada. Awa ɗaya da rabi baki a buɗe, nas na riƙe da tocila don fitilar kujerar ba ta kai can. Ana ganin kan ƙarfen, ana taɓa shi, ya ƙi motsi. Bayan kwana goma ta sake dawowa, ta zauna a benci tun safe ta ce ba za ta tashi ba. Aka sake gwadawa. Wannan karon likitar ce ta ajiye kaya da kanta.

"Na tsaya. Ko ki kai ni ƙara, ba zan ƙara taɓa shi ba. Abin da ya rage kamar ɓawon ƙwai ne. Zan rufe, mu jira sati shida. In bai kumbura ba, mu sa hula. Kafin nan, ko gyaɗa kar ki ciza da shi."

"Sati shida kaka ta wuce."

"Kaka za ta sake zuwa. Haƙori ba ya sake fitowa."

An fara karyar masara farkon Oktoba. Keziya ba ta gaya wa kowa a Bomo ba. Ta sauka daga acaɓa kamar kullum, ta zura hannu, ta zaro uku, ta juya kai kaɗan don kar a lura, ta ɗora a dama. Ta ciza. Daga baya ta ce kamar ka sa takalmin wani ne. Ƙara tana zuwa, amma ba ta ce mata komai. Ga mutane sun zagaye ta, ga basilla a hannun mai ɗinki, ga Oga Felix mai gidan kaji na Palladan, wanda shekara takwas bai taɓa loda buhu ba sai ta yi magana.

Ta ce, "Ɗinke."

Bayan sati biyu Felix ya shigo layin hatsi da tsakar rana. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe tafin hannu ya zuba a kan teburinta, masara kore-kore, a dunƙule, tana wari kamar tsohuwar daddawa.

"Mama, ke kika ce ɗinke."

"Ni na ce."

"Ban san masara ba. Kaji na sani. Bakinki nake saye, ba buhu ba." Ya kaɗe hannu a wando. "Asabar zan ɗauki na Malam Barau. Ki zo ko kar ki zo, ki faɗa mini yanzu."

Tabitha ta yi kamar tana tsince wake. Duk layin sun yi kamar suna wani abu.

"Zan zo."

Kwana huɗun da suka rage kafin Asabar ba ta zauna ba. Ta koma asibiti ta ce a sa hular yanzu. Likitar ta duba ta ce akwai ɗan kumburi a dasashi, ba a rufe ciwo da hula. Ta samo masarar bara busasshiya da sabuwa ɗanya, ta zuba a kwano biyu tana cizawa da dama daga safe har yamma, har muƙamuƙi ya sage. Gregory ya ce ta je ta faɗi gaskiya mana, ai ciwo ba sata ba ne. Ta ce, "Baban Clara, kai in ƙofar makaranta ta ɓalle, kana rubutawa a allo ɓarayi su karanta?"

Asabar, a ƙofar gidan Malam Barau, buhuna a jere baki a buɗe, motar Felix ta juyo da baya. Malam Barau dattijo ne, babban manomi, shi da Keziya sun daɗe suna tsokanar juna. Yau ba wasa. Labarin masarar Felix ya riga ta isowa, mutanen da suka taru sun fi na kullum.

Ta zaro ukunta. Ta sama ta ɗora a dama, ta ciza, ta tofar. Ta tsakiya ma haka.

Felix ya ce, "Mama, da hagu na saba ganinki."

Malam Barau ya ce, "Kai ɗan nan, bakinta ne ko naka?"

Keziya ta dubi ƙwaya ta uku, ta gindin buhu. Ta juya ta a yatsa. Ta tura ta da harshe can hagu, kan cikon, ta rufe ido.

Ƙara biyu ta ji. Ta farko ta masarar ce, ta lotse kaɗan kafin ta fashe, a fili kamar ana yi mata magana a kunne. Ta biyun ta biyo baya nan take, daga ƙasa, doguwa, irin ta icen da aka sa wa gatari.

Ba ta tofar ba. Ta haɗiye. Ta cikin haƙora ta ce, "Rana. Kwana biyu. Na gindin daga wata gona suke."

Malam Barau ya leƙa cikin buhun. Ya sosa gemu. Ya ce gaskiya ne, akwai na fadama da aka karya daga baya, yara suka haɗa. A zazzage. Felix ya cire hula ya sake sawa, ya ce zai dawo Talata. Ita tuni ta kai bakin hanya tana ɗaga wa ɗan acaɓa hannu, bakin zani a kan baki.

Dokta Omolara ba ta yi faɗa ba. Ta taɓa haƙorin da ɗan ƙarfe, rabi ya tafi dama, rabi ya tafi hagu. Ya tsage har saiwa, daidai ta bangon da aka haƙe. Babu abin cetowa. Ta ciro shi gida biyu ta ajiye a tire, ga guntun fayil ɗin yana ƙyalli a tsagin, wanda aka yi wata biyu ana nema. Tana danna auduga ta tambaya a hankali ko haƙorin ya ji. Keziya ta gyaɗa kai.

Sauran kakar ba ta koma Bomo ba. Ta zauna a rumfa tana auna mudu, ta rame, ta yi saurin fushi. Haƙorin dama bai koyu ba, ta gwada har ta haƙura. An ce a sa mata na roba, ta ce na hoto ne, ba na aiki ba.

Kakar da ta biyo baya, sai ga acaɓa biyu sun tsaya a Bomo. Keziya ta diro daga ɗaya, Tabitha ta sauko daga ɗayan tana mita. Ashe tun damina suke gwadawa a bayan rumfa. Tabitha haƙoranta kamar na jaki, amma ba ta bambanta masara da tsakuwa. Keziya ta zaro ƙwaya ta sa mata a baki, ta kama kan Tabitha da hannu biyu, ta manna kunnenta a muƙamuƙin ƙawar, ta rufe ido. Mata biyu masu jikoki, kai a haɗe, a tsakiyar maza. Wani ya fara dariya.

"Ciza. A hankali, ba ƙashin kaza ba ne."

"Ki daina hura mini numfashi a wuya."

"Rufe baki, ina ji. Sake."

Tabitha ta ciza. Keziya ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta sa ta ciji wata. Sannan ta saki kan ta ce, "Rana. Yini ɗaya."

Mai masarar, wani magidanci da ke gaishe ta a durƙushe bara, ya ce, "Haba Maman Clara. Kwana biyar tana shanye. Anya kin ji daidai ta bakin wata?"

Keziya ta gyara ɗaurin zani. Ta sake zura hannu cikin buhun har kafaɗa, ta zaro uku, ta dubi Tabitha.

"Buɗe."

"Ni fa muƙamuƙina ya gaji, buhu nawa ne a nan?"

"Arba'in. Buɗe, mutumin nan na jira."